Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Rayuwar Jack Kirby, Sarkin Masu Zanen Labari

Gabatarwa

A shekarar 2018 aka saki fim ɗin Black Panther, wanda ya tara sama da dalar Amurka biliyan 1.3 a gidajen sinima na duniya. Kafin shi an yi The Avengers a 2012, shi kuma ya haura biliyan 1.5. Da yawa daga cikinmu mun kalli waɗannan finafinai, kuma in aka tambayi waɗanda suka ɗan san harkar ko wa ya ƙirƙiro jaruman, amsar da za su bayar ita ce Stan Lee, dattijon nan mai tabarau da ke ɗan leƙowa a cikin finafinan. Sunan da ba a cika ji ba shi ne na mutumin da ya zauna da fensir ya fitar da kamannin waɗannan jarumai, da tufafinsu, da garuruwansu, da yawancin abin da ya faru da su, wato Jack Kirby.

Wannan mutum ya shafe sama da shekara 40 yana zanen labari, kuma mafi yawan aikin da ya yi fice da shi a matsayin ɗan jinga ya yi shi, ma'ana ana biyansa ne a kan kowane shafi da ya kawo aka karɓa, babu albashi, babu fansho, babu kaso a cikin riba. Tarihinsa na da amfani ga duk mai rayuwa da alƙalami, domin ya nuna cewa abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya kan yi wa mai fasaha hukuncin da gwanintarsa ba za ta iya sauyawa ba.

Kafin mu shiga, bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin sana'ar. Mujallar labari cikin zane siririyar mujalla ce da ake yanka kowane shafinta gida-gida, a zana hoto a kowane gida, a rubuta maganar mutanen labarin a cikin wata 'yar da'ira kusa da bakinsu. A Amurka ta shekarun 1940 senti 10 ake sayar da ita, kuma yara da matasa da sojoji ne manyan masu saye. Aikin hannu da yawa ne: wani ya tsara labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya rubuta haruffa, wani ya sa launi. Kirby mai fensir ne.

Ɗan Unguwar Talakawa

An haife shi ranar 28 ga Agusta, 1917, a birnin Niyok, a wata unguwar talakawa da ake kira Lower East Side. Sunansa na yanka Jacob Kurtzberg. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Ostiriya, kuma mahaifinsa ma'aikaci ne a masana'antar ɗinka tufafi. Unguwar cunkushe take, yaran kowane layi suna da ƙungiyarsu, kuma dambe tsakanin layi da layi abin yau da kullum ne. Wannan tashi ya bi shi har cikin zanensa, domin an san shi da zana faɗa kamar naushin zai faso takarda ya fito.

Bai yi wani dogon karatun zane ba. Ta bakinsa, ya shiga makarantar fasaha ta Pratt yana ɗan shekara 14, amma bai wuce mako guda ba. Da kwaikwayon zanen jaridu ya koya wa kansa. A 1936 ya fara aiki da wani ƙaramin kamfani mai sayar wa jaridu zane, ya kuma taɓa aiki a kamfanin Fleischer mai yin katun ɗin Popeye, inda aikinsa shi ne cike hotunan da ke tsakanin motsi da motsi. Bai ji daɗin wurin ba, domin ya ga kamar masana'antar da mahaifinsa ke aiki ce aka sake wa suna. Daga nan ya bi ta wurin Eisner da Iger, har ya kai kamfanin Fox, inda ake biyansa dala 15 a mako. A can ya haɗu da Joe Simon, wanda shi ma mai zane ne, amma ya fi shi iya ciniki da sanin takarda. Wannan haɗuwa ita ce babbar sa'ar da Kirby ya yi a farkon rayuwarsa.

Captain America da Yaƙin Duniya

A watan Disamba na 1940, shekara guda cur kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Timely na Martin Goodman ya fitar da fitowa ta farko ta Captain America, aikin Simon da Kirby. A bangon mujallar an zana jarumin yana kai wa Hitila naushi a muƙamuƙi. Mujallar ta yi kasuwa ƙwarai, an sayar da kusan kwafi miliyan ɗaya, har magoya bayan Jamus da ke Amurka suka riƙa aiko musu da barazana. A ofishin akwai wani matashi ɗan aike, ɗan uwan matar Goodman, mai suna Stanley Lieber. Shi ne daga baya duniya ta sani da Stan Lee.

Goodman ya yi musu alkawarin kaso daga ribar mujallar, amma Simon ya lura lissafin ba ya tafiya daidai. Bayan fitowa ta 10 sai suka koma kamfanin National, wanda yanzu ake kira DC, inda su biyun suka riƙa karɓar dala 500 a mako. Jarumin da suka ƙirƙiro kuwa ya zauna a hannun Goodman.

Kirby ya auri Rosalind Goldstein a 1942, a shekarar 1943 kuma aka ɗauke shi soja. Ya sauka a gaɓar Nomandi ta ƙasar Faransa a watan Agusta na 1944, a ƙarƙashin rundunar Janar Patton. Da wani hafsa ya gano cewa mai zane ne, sai ya mai da shi ɗan leƙen asiri, yana shiga garuruwan da ba a riga an kama ba yana zano taswira. A hunturun wannan shekara sanyi ya cinye masa ƙafafu, aka kai shi asibiti a Landan, har likitoci suka yi tunanin yanke su, amma ya warke. An sallame shi daga soja a watan Yuli na 1945.

Shekarun Soyayya

Wani abin da zai ba masu karatun littattafan soyayya sha'awa shi ne, mutumin da aka sani da zanen naushi da yaƙi shi da abokinsa ne suka buɗe kasuwar mujallun soyayya cikin zane a Amurka. A 1947 Simon da Kirby suka lura cewa 'yan mata da matan aure suna sayen mujallun labaran zuciya da ake rubutawa da zube, amma babu mai yi musu irin wannan cikin zane. Sai suka zauna suka kammala fitowa ta farko ta Young Romance da kuɗinsu, sa'annan suka kai wa kamfanin Crestwood da sharaɗin cewa ba sa son ko senti a gaba, amma rabin riba nasu ne. Kamfanin ya yarda. An sayar da kashi 92 cikin 100 na bugun farko, kuma ba a daɗe ba ita da ƙanwarta Young Love suka riƙa sayar da kwafi kusan miliyan 2 a wata.

Mai karatu ya riƙe wannan wuri da kyau. A nan ne Kirby ya ci gajiyar aikinsa daidai gwargwado, ya sayi gida a Long Island, kuma dalili shi ne an yi ciniki kafin a miƙa kaya, an kuma sami wanda ya iya cinikin.

Daɗin bai daɗe ba. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi yana zargin mujallun zane da lalata tarbiyyar yara. Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman sauraron bahasi a kan maganar, iyaye suka tayar da hankali, kamfanonin da kansu suka kafa hukumar tace mujallu don su tsira. Kasuwa ta faɗi, kamfanoni da yawa suka rufe. A daidai wannan lokaci ne Simon da Kirby suka kafa nasu kamfanin mai suna Mainline, wanda bai yi shekara biyu ba ya durƙushe, saboda dillalin da ke rarraba musu mujallu ya karye. Simon ya koma harkar talla. Kirby ya rage shi kaɗai, ga iyali, ga babu mai yi masa ciniki.

Ya koma DC yana jinga, inda ya fito da Challengers of the Unknown a 1957. A 1958 ya sami damar zana wani labarin sararin samaniya mai suna Sky Masters a jaridu, amma rigima ta ɓarke tsakaninsa da wani editan DC, Jack Schiff, a kan kason da editan ya ce an yi masa alkawari don shi ya haɗa cinikin. Schiff ya kai ƙara kotu ya yi nasara. Ƙofar DC ta rufe wa Kirby, ba shi da sauran wurin zuwa sai tsohon kamfanin Goodman, inda ɗan aiken jiya, Stan Lee, ya zama edita.

Shekaru Goma da Suka Gina Marvel

Kamfanin da Kirby ya tarar a 1958 yana gargara ne. Ya rasa dillalinsa, ya koma hannun wani dillali mallakar abokin hamayyarsa DC, wanda ya ƙayyade masa mujallu 8 kacal a wata. Kirby ya fara da labaran dodanni, kuma a cikinsu ne Groot ya fara fitowa a 1960. A 1961 aka fitar da Fantastic Four, daga nan kuma abin ya zama kamar an buɗe famfo: Hulk da Thor da Ant-Man a 1962, X-Men da Avengers a 1963, Silver Surfer da Galactus da Black Panther a 1966. Black Panther shi ne baƙar fata na farko da ya fito a matsayin babban jarumi mai baiwa a manyan mujallun Amurka, sarki ne na wata ƙasar Afirka da aka ƙirƙira mai suna Wakanda, wadda ta fi Turai ci gaban kimiyya. Fantastic Four kaɗai Kirby ya zana fitowa 102 a jere.

Duk wannan aiki a gida ya yi shi, a wani ɗan ɗakin ƙarƙashin ƙasa da iyalinsa ke kira kurkuku, da takardarsa da fensirinsa da ya saya da kuɗinsa. Yakan zana shafi huɗu ko biyar a rana, alhali yawancin takwarorinsa ɗaya ko biyu suke iyawa. Saurin nan larura ce, domin ranar da bai zana ba, ranar babu kuɗi.

Tushen rigimar da ta biyo baya yana cikin yadda ake aikin. A sauran kamfanoni marubuci kan rubuta labari cikakke ya miƙa wa mai zane. A Marvel kuwa, saboda Lee shi kaɗai ne a kan mujallu da yawa, sai ya riƙa tattaunawa da mai zane a taƙaice, ko ya ba shi 'yan layuka, mai zanen ya je ya tsara labarin shafi 20 da kansa, ya zana, ya rubuta bayanin abin da ke faruwa a gefen takarda. In ya kawo, sai Lee ya sa maganganu. A shafin farko kuma a rubuta cewa Lee ne marubuci, Kirby mai zane, kuma kuɗin rubutu na Lee ne. Misalin da ya fi shahara shi ne na Silver Surfer. Lee da kansa ya sha faɗa cewa bai san da shi ba sai da ya gan shi a shafukan da Kirby ya kawo. Amma da aka tashi ba wannan jarumi mujallarsa a 1968, wani mai zanen aka ba, John Buscema, ba a ko shawarci Kirby ba.

Adalci ne a faɗi cewa Lee ba ɗan kallo ba ne. Shi ya ba jaruman bakin magana mai barkwanci, shi ya iya tallata kamfanin a jami'o'i da jaridu, shi ya dage a riƙa buga sunayen masu zane a lokacin da ba kowa ke yi ba, kuma shi ya laƙaba wa Kirby sunan Sarki. Shi ma bai mallaki jaruman ba, na kamfani ne. Bambancin shi ne Lee ma'aikaci ne mai albashi da kujera, kuma da 'yan jarida suka zo shi suke tararwa a ofis. A watan Janairu na 1966 jaridar New York Herald Tribune ta buga wani rahoto da ya nuna Lee a matsayin mai basirar, ya kuma siffanta Kirby da siffar raini. Wannan rahoto ya yi wa Kirby da matarsa ciwo matuƙa.

Shi ma Kirby yana da nasa tabon. A 1966, lokacin da Joe Simon ya nemi karɓe haƙƙin mallakar Captain America, Kirby ya sa hannu a takardar rantsuwa yana goyon bayan Goodman a kan tsohon abokinsa. Mai 'ya'ya huɗu da ke jiran kuɗin shafi ba ya iya yi wa mai ba shi aiki musu, kuma irin wannan sa hannu ne aka riƙa jawowa a kansa daga baya.

A 1968 Goodman ya sayar da kamfanin. Sababbin masu shi suka aiko wa Kirby da yarjejeniya a farkon 1970 wadda ba ta ba shi komai ba, suka kuma ƙi a gyara ko kalma ɗaya. A lokacin yana samun kimanin dala 35,000 a shekara, kuɗi ne mai kauri a zamanin, amma babu tabbacin gobe. Ya ƙi sa hannu, ya koma DC.

Yawo Tsakanin Kamfanoni

A DC an ba shi dama ya rubuta ya zana da kansa. Ya fito da wani gagarumin labari da ya ratsa mujallu huɗu, a kan yaƙin wasu duniyoyi biyu, kuma a ciki ne mugun nan Darkseid ya fito. Sai dai ko a nan bai tsira daga raini ba, domin kamfanin ya riƙa sa wasu masu zane suna sake zana fuskar Superman a shafukansa, wai tasa ba ta yi kama da wadda aka saba ba. A 1972 aka dakatar da biyu daga cikin mujallun bayan fitowa 11. Ya koma Marvel a 1975, ya yi Eternals da wasu, sa'annan ya bar su a 1978, shekarar da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta fara aiki, kamfanin kuma ya fito da takardar da ke tilasta wa kowane ɗan jinga ya amince cewa duk abin da ya yi na kamfani ne tun asali.

Abin mamaki, sai da ya haura shekara 60 ya koma zana wa kamfanonin katun na talabijin a Kalifoniya, irin su Ruby-Spears, sa'annan ya sami albashi mai kyau da inshorar lafiya. A 1981 ya fitar da Captain Victory a wani ƙaramin kamfani mai suna Pacific, inda haƙƙin mallaka ya zauna a hannunsa. A 1982 ya zana Destroyer Duck kyauta don a tara wa marubuci Steve Gerber kuɗin shari'ar da yake yi da Marvel a kan wani jarumin da ya ƙirƙiro. A tsakiyar shekarun 1980 kuma shugabannin DC na lokacin suka nemo hanyar da za su biya shi kaso daga kayan wasan yara da aka yi da jarumansa.

Rigimar Takardun Asali

Akwai dukiya ta biyu bayan haƙƙin mallaka, wato ainihin takardun da mai zane ya yi aiki a kansu. A da kamfanoni kan riƙe su a sito, wasu a yi kyauta da su, wasu su lalace, wasu a sace. Da masu tara kayan tarihi suka fara sayensu da tsada, sai masu zane suka nemi a mayar musu da nasu. A 1984 Marvel ta fara mayar da tsofaffin takardu, kowane mai zane aka aika masa takardar sa hannu mai shafi ɗaya. Kirby kaɗai aka aika wa mai shafi huɗu, wadda ta hana shi sayarwa ko baje kolin takardun, kuma shafuka 88 kawai aka ce za a ba shi, alhali ya zana wa kamfanin tsakanin 10,000 zuwa 13,000. Ya ƙi. Mujallar The Comics Journal da manyan masu zane da masu karatu suka tashi tsaye a kan maganar, har a 1987 kamfanin ya sassauta ya mayar masa da kimanin shafuka 2,000. Sauran ba a san inda akasarinsu suka shiga ba.

Jack Kirby ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1994, a gidansa da ke Thousand Oaks a Kalifoniya, yana da shekara 76. Matarsa ta bi shi a 1997. Bai ga ko ɗaya daga cikin manyan finafinan da aka yi da jarumansa ba.

Shari'ar Magada

A 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4. A watan Satumba na wannan shekara 'ya'yan Kirby huɗu suka aika da sanarwa 45 ta neman karɓe haƙƙin ayyukan da mahaifinsu ya yi tsakanin 1958 da 1963. Dokar Amurka ta ba mai fasaha ko magadansa damar karɓe haƙƙin da aka sayar bayan shekara 56, amma ban da aikin da aka yi a matsayin ɗan ƙodagon wani. Saboda haka shari'ar gaba ɗaya ta tsaya a kan tambaya guda: shin Kirby mai kaya ne da ya sayar, ko kuwa ɗan aiki ne da aka sa?

Magadan suka ce mahaifinsu ba shi da albashi, a gidansa yake aiki, da kayansa, kuma shafin da aka ƙi karɓa asararsa ce. Marvel ta ce ita ke ba da aikin, editanta ke da ikon karɓa ko gyarawa, ita ke biya, ita ke ɗaukar asara in mujalla ba ta sayu ba. Babu rubutacciyar yarjejeniya ta waɗancan shekaru, kuma babban mai shaida da ya rage a raye shi ne Stan Lee. A 2011 kotun tarayya ta ba Marvel gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2013. Magadan suka nufi Kotun Ƙoli, kuma ranar 26 ga Satumba, 2014, ana saura kwanaki kaɗan alƙalan su zauna su duba ko za su saurari ƙarar, sai ɓangarorin biyu suka sanar da sulhu. Ba a bayyana nawa aka biya ba. Tun daga lokacin sunan Kirby ke fitowa tare da na Lee a mujallu da finafinan jaruman da suka yi tare, a 2017 kuma, shekara 100 da haihuwarsa, Disney ta sa shi cikin jerin gwarazanta. Shi kuwa Lee, tun a 2005 ya karɓi dala miliyan 10 daga Marvel bayan ƙarar da ya shigar, domin shi yana da rubutacciyar yarjejeniya da ta ambaci kaso daga ribar finafinai.

Kammalawa

In mai karatu ya jera matakan rayuwar wannan mutum zai ga abu ɗaya yana maimaituwa. Fasaharsa ba ta taɓa raguwa ba daga 1940 zuwa 1970, abin da ke sauyawa shi ne sharaɗin da ya miƙa aikin a kai. Da aka yi ciniki a 1947 ya sami rabin riba. Da ya shiga Marvel a 1958 cikin matsi, da alkawarin baka da kuɗin shafi, sai ya gina wa wasu dukiyar biliyoyi, magadansa kuma suka yi shekara biyar a kotu kafin su sami wani abu, shekara 20 bayan rasuwarsa.

Marubutanmu na Hausa ba baƙin wannan labari ba ne. An daɗe ana sayar wa 'yan kasuwar littafi rubutu ɗungurungum a karɓi kuɗi sau ɗaya, a kuma ba masu fim labari a kan amana. Mai buƙata ba ya jiran gobe, wannan gaskiya ne, kuma Kirby ma buƙata ce ta sa shi. Amma kafin a miƙa rubutu ko zane, yana da kyau a san amsar tambayoyi uku, a kuma sa su a takarda gaban shaidu: bugu nawa aka sayar, wa ke da labarin in an tashi mai da shi fim ko karanta shi a rediyo, kuma sunan wa za a rubuta a kai.